Ku Tambayi Anti: karatun manya a kwalejin al'umma ta Amurka

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka taru min kusan duk a kan abu ɗaya ne, kominiti kwalej, wato kwalejin al'umma ta nan Amurka, ina ga don lokacin rajista ya matso ne takardun tallarsu sun fara cika mana akwatin wasiƙa. Na zaɓi guda 6, na ɗan rage tsawon wasu, sunaye kuma kamar kullum na cire su.

Salam Anti barka da aiki. Dan Allah shawara nake nema, ni shekarata 44 yarana 4, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a nan Bronx yau shekara 9. Karatuna a aji 3 na sakandare ya tsaya aka min aure, turancina na kasuwa ne ina ji ina mayarwa amma rubutu sai a hankali. Rannan a makarantar autana wata mata ta kafa tebur tana raba takarda wai daga kwaleji take suna koyar da manya kyauta, na karɓa na jefa a jaka har yau ban kira ba, kunya nakeji wallahi ace ni da sa'o'in 'yata ta fari muna aji ɗaya, kuma ni da ko takardar gama sakandare banda ita ta ina zasu ɗaukeni?
Uwar yara 4, Bronx

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Fara fito da takardar nan daga jaka ki liƙa ta a jikin firij tukunna sai mu yi magana. Matar da kika gani ba alfarma take miki ba, aikinta kenan, albashi ake biyanta ta fita makarantun yara da laburare da wuraren ibada ta nemo irinki, in ta koma ofis hannu rabbana ita ce a matsala ba ke ba.

Kinga waɗannan kwalejojin tun asali don wanda ƙofar jami'a ta yi wa nisa aka yi su. Ta farko ta gwamnati a garin Joliet na jihar Illinois aka buɗe ta a 1901 da ɗalibai 6 kacal, sai a 1947 kwamitin da shugaba Truman ya kafa kan ilimi mai zurfi ya ce ya kamata kowane yanki ya samu kwalejin da mutum zai je daga gidansa ya dawo ya kwana a gidansa, daga nan sunan ya bazu, yanzu sun kai wajen 1,000. Kuma kusan dukkansu ƙofa a buɗe take, ba a tankaɗe da rairaya irin na jami'a.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne kwalejin gida biyu ne a rufi ɗaya. Akwai ɓangaren kiredit, inda ake tara kiredit, wato ma'aunin darussan da ɗalibi ya ci, har 60 a samu digirin shekara 2, shi ne yake neman takardar sakandare. Sannan akwai ɓangaren karatun manya, ajin Turanci da ake cewa ESL da ajin shirin jarrabawar GED mai matsayin takardar gama sakandare, nan babu wanda zai tambaye ki takardar sakandare tunda ita kika zo nema. Kuɗin wannan ɓangaren mafi yawa daga gwamnatin tarayya da jiha yake fitowa ƙarƙashin wata doka ta 2014 da ake kira WIOA, shi yasa kika ji an ce kyauta, ba yaudara bace. Ranar farko za su miki ɗan gwaji, kar cikinki ya ɗuri ruwa, ba a faɗuwa, so suke su san ajin da ya dace da ke kawai. GED ɗin fanni 4 ne, lissafi, Turanci, kimiyya da ilimin zamantakewa, kowanne ana neman maki 145 cikin 200, kuma ba dole a rana ɗaya ba, ɗaya bayan ɗaya ake ɗauka kamar cin tuwo loma loma, a jihar New York ma jarrabawar kanta kyauta ce ga mazauna jihar.

Amma ga shawarata ta musamman gare ki tunda shekara 9 kina kula da marasa ƙarfi, hannunki ya riga ya san aikin. Ki tambaye su ko suna da ajin da ake haɗa Turanci da koyon sana'a lokaci ɗaya. Jihar Washington ce ta fito da wannan tsarin wajen 2005 suka sa masa I-BEST, malamai 2 a aji ɗaya, ɗaya yana koyar da sana'ar ɗaya yana taya ku da Turancin da lissafin da sana'ar take buƙata, jihohi da yawa sun kwaikwaya da sunaye daban daban. Dalilin ƙirƙiro shi kuwa shi ne an lura babba mai iyali in aka ce masa sai ya yi shekara 3 yana Turanci zalla kafin ya taɓa wani abu mai kawo kuɗi, to a hanya yake zubewa. Takardar mataimakiyar nas, CNA, mafi ƙarancin horon da dokar tarayya ta gindaya awa 75 ne, jihohi suna ƙarawa a kai, kinga ba wani dogon zango bane.

Maganar kunya kuma, haba 'yar'uwa, gemu baya hana ilimi. Ki leƙa ajin dare sau ɗaya ki ga, direbobi ne da masu aikin asibiti da kakanni, wasu da kayan aiki a jikinsu suna gyangyaɗi. Abin da ya kamata ki ji tsoro ba kunya bace, lokaci ne. Wasu wuraren akwai layin jira sai ki yi watanni kafin a kira ki, kuma in kika yi fashi da yawa suna ba wani kujerar. Don haka kafin ki sa hannu ki zauna da maigida da manyan yaran a raba aikin gida, wa zai ɗauko auta, wa zai ɗora tukunya ranar Talata da Alhamis, wannan zaman ya fi gwajin wuya. Kuna da Hostos da Bronx Community College duk a kusa da ku, ki kira duka biyun ki shiga wadda ta fara ba ki kujera.

Anti ina wuni. Ni direba ne a Michigan shekarata 38 inada girin kad wato katin zama na dindindin. Naji ana cewa wai gwamnatin jiha tana biyawa manya kuɗin kwaleji, ni kuma a ƙasar nan duk abinda akace kyauta ne tsoronsa nakeji, wani abokina haka ya shiga karatu ya fito da bashi mai ruwa a wuyansa. Ni bana son riba ko ta sisin kwabo. Gaskiya ne ko akwai lauje cikin naɗi?
Direba, Michigan

Lafiya lau ɗan'uwa. Gaskiya ne, kuma tsoron naka ma yana da tushe, duka biyun.

Shirin sunansa Michigan Reconnect, an fara shi a 2021, na wanda ya kai shekara 25, ya yi aƙalla shekara 1 a jihar, yana da takardar sakandare ko makamanciyarta kuma bai taɓa yin digiri ba. Ba su suka fara ba, Tennessee ta riga su a 2018, Massachusetts ta biyo a 2023. In kana tambayar me gwamnati za ta ci a ciki, ai ba don Allah suke yi ba, ma'aikata suke nema, masana'antu da asibitoci suna kukan babu masu takarda, Michigan ta sa wa kanta burin kashi 60 cikin 100 na masu shekarun aiki su zama suna da digiri ko satifiket kafin 2030. Su ma kwalejojin tun bayan 2010 ɗalibai suke raguwa, korona ta zo a 2020 ta ƙara kwashe wasu, kuma kuɗin da ake ba su yana bin yawan ɗalibai. To kaga kowa da abin da yake nema, kai ma sai ka shiga da naka lissafin.

Yadda abin yake aiki, su ciko suke yi. Za ka fara cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya, kyauta ake cikewa, duk wanda ya ce ka biya shi ya cike maka ka wuce ofishin tallafin kuɗi na kwalejin su taya ka ba ko sisi. In samunka bai da yawa za a ba ka tallafin Pell, wanda mafi yawansa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 dala 7,395 ne, babu ruwansa da shekarunka, mai girin kad yana samu, kuma kyauta ce ba a biya. Abin da ya rage na kuɗin makaranta sai jiha ta cike. Amma kuɗin makaranta kawai fa, hayar gida da man mota da awannin da za ka rasa a kan titi duk naka ne, kuma ka tabbatar kwalejin ta gundumar da kake zaune ce, don in ka tsallaka wata gunduma farashin ya fi kuma bambancin yana iya dawowa kanka.

Yanzu ga inda nake zaton abokinka ya zame. Bayan FAFSA kwaleji za ta turo maka takardar abin da ka samu, a takarda ɗaya ake jera kyauta da bashi, layi a ƙarƙashin layi, mutum yana murna sai ya danna amincewa da duka. Duk layin da ka ga an rubuta Direct Loan bashi ne kuma yana da ruwa, akwai wanda gwamnati take ɗauke ruwan muddin kana makaranta, akwai wanda ruwan yake fara taruwa tun ranar da aka saki kuɗin. Hukuncinsu na malamai ne ba nawa ba, abin da zan gaya maka shi ne babu wanda zai tilasta maka, kana da ikon ƙin karɓar bashin ka riƙe kyautar. In wani abu ya rage sai ka nemi tsarin biya kashi kashi, yawanci ɗan kuɗin rajista ake biya sau ɗaya ba ruwa ba.

Sai wani tarkon da ba a cika faɗa ba, kyautar ma tana iya rikiɗewa ta zama bashi. In ka karɓi Pell ka bar karatu kafin a ci kashi 60 cikin 100 na zangon, za a lissafa a ce a dawo da wani ɓangare, sai ka ga kwaleji ta turo maka bil. Kuma dole sakamakonka ya tsaya a matsakaicin maki 2.0 cikin 4.0 kana cin wajen kashi 2 cikin 3 na darussan da ka ɗauka. Shi yasa ni kullum nake cewa mai aiki ya fara da darasi 2, kar zumuɗi ya sa ka kwashi 5 a zangon farko kana tuƙi har ƙarfe 2 na dare.

Anti sannu da ƙoƙari. Aikin dare nake a wani babban sito shekara 3, bayana ya fara ciwo inaso in koyi gyaran na'urar sanyaya ɗaki ko aikin lantarki. Naga tallar wata makaranta mai zaman kanta a Facebook na saka lambata, wallahi tun ranar suke kirana safe da yamma wai in zo in sa hannu kujeru sun kusa ƙarewa wata 9 na gama, kuɗin da suka faɗa ya kai na mota. Kwalejin garinmu kuma na kira sau 2 ba wanda ya ɗaga. Wanne zan bi?
Mai aikin dare

Ƙanina, wanda yake kiranka safe da yamma kuɗinka yake so, wanda bai ɗaga waya ba kuma ma'aikacin gwamnati ne, ka san hali. Ka tashi ka je da ƙafarka.

Ba duk makarantar kuɗi ce ta banza ba, amma tarihin ɓangaren ba kyau. Corinthian ta rushe a 2015, ITT Tech ta rufe rassanta sama da 130 a 2016 dare ɗaya, ɗalibai dubbai suka wayi gari da bashi a wuya da kiredit ɗin da makarantu da yawa suka ƙi karɓa. Ita kuwa kwalejin al'umma matsakaicin kuɗinta a shekara wajen dala 4,000 ne ga ɗan gunduma, a Kalifoniya ma dala 46 ne kowane kiredit, kuma sau da yawa sana'ar ɗaya ce, jarrabawar lasisin da za ka zauna a ƙarshe ma ɗaya ce.

Kafin ma ka je kwalejin ka shiga ofishin ma'aikata na wurin aikinka ka tambaya ko suna biyan kuɗin karatu, mutane da yawa suna zaune a kan wannan haƙƙin ba su sani ba. Amazon tana da shirin Career Choice tun 2012 tana biya wa ma'aikatan sito. A Louisville ta jihar Kentucky tun 1998 UPS mai jigilar saƙonni da kaya ta haɗa kai da jiha da kwalejin garin da jami'ar garin, kana aikin dare a tashar jiragensu ana biya maka karatu, dalili kuwa sun gaji da ɗaukar ma'aikatan dare suna gudu bayan 'yan makonni. Wanda ya fi burge ni shi ne na Toyota da kwalejin Bluegrass, shi ma a Kentucky, da aka fara a 2010, kwana 3 kana masana'anta ana biyanka albashi kwana 2 kana aji, yanzu ya bazu jihohi da yawa da sunan FAME kuma kamfanoni da yawa sun shiga. Aikin lantarki kuma ka tambayi tsarin koyon sana'a mai rajista, wanda ake yi da ƙungiyar ƙwadago ko 'yan kwangila, shekara 4 zuwa 5 ne amma tun ranar farko kana karɓar albashi yana ƙaruwa. Sannan akwai ofisoshin gwamnati na taya masu neman aiki da ake kira American Job Center, suna iya biya wa wanda ya cancanta kuɗin gajeren kwas.

Sai dai kar ka ɗauka duk abin da aka liƙa wa sunan haɗin gwiwa da kamfani alheri ne zalla. Wani kamfanin zai sa ka sa hannu sai ka yi masa shekara kaza in ka tafi ka biya, wani horon kuma an ɗinka shi daidai jikin injin kamfani ɗaya, ranar da suka rage ma'aikata sai ka ga takardar ba ta shiga ko'ina. Kuma gajeren kwas na ɓangaren da ba kiredit, in wata rana ka so ci gaba zuwa digiri, ba lallai a ƙirga maka shi ba. To ko ina ka je, makarantar kuɗi ko ta gwamnati, ka tambaye su cikin waɗanda suka fara bara nawa suka gama, nawa suka ci jarrabawar lasisi, wane kamfani ne ya ɗauke su, a faɗa maka sunansa. Duk wanda ya fara kame kame ka ɗauki hularka.

Malama barka da war haka. Ni dattijo ne shekara 68, 'ya'yana suka kawo ni Maryland, zaman gida ya ishe ni. Ba takarda nake nema ba, so nake in iya kwamfuta da waya in daina damun jikoki. Akwai wurina?
Dattijo, Maryland

Barka kadai Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Akwai wurinka sosai. A Maryland mazaunin jihar da ya kai shekara 60 ana ɗauke masa kuɗin darasi a kwalejojin al'umma a yawancin azuzuwa in akwai kujera, sai 'yan ƙananan kuɗaɗen rajista, jihohi da yawa suna da irin wannan wasu daga 60 wasu daga 65. Ka ce wa ɗaya daga cikin yaran ya kai ka ofishin ci gaba da karatu, ka ce ajin kwamfuta na masu farawa kake so, na safe, babu jarrabawa babu maki. In ka je kuma Baba ka tambaya ko suna koyar da aikin haƙori, kwalejin da take da wannan sashen tana buɗe asibitinta ga mutanen gari a wanke haƙori da araha, ɗalibai ne suke yi malami yana tsaye a kansu, sai dai suna da nawa, ka tafi da carbinka.

Anti 'yata tana aji 11, makarantarsu sun turo takarda wai ta fara ɗaukar darasi a kominiti kwalej tun yanzu. Babanta ya ce a'a, wai wannan makarantar waɗanda suka kasa ce shi jami'a yake so ta je ta zama likita. Ni kuma na rasa ta cewa.
Maman budurwa

'Yar'uwa ki lallaɓa Alhaji ki gaya masa wannan takardar yabo ce, yaran da suke ƙoƙari ake turawa. Yarinya tana sakandare tana ɗaukar darasin kwaleji ana rubuta mata a wuri biyu, a wurare da yawa kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, Minnesota ta fara nata tun 1985, jihar Washington ta biyo da Running Start a 1990, har akwai yaran da suke karɓar digirin shekara 2 a watan da suke gama sakandare. Ba ya hana ta zuwa jami'ar da yake so, rage mata hanya yake yi ya rage masa kuɗi. In kuma maganar waɗanda suka kasa ce, Eileen Collins, macen da ta fara jagorantar jirgin sama jannati na Amurka a 1999, daga kwalejin al'umma ta Corning ta fara.

Amma Alhaji yana da 'yar gaskiya ta wani gefen da shi ma bai sani ba. Makin da ta samu a waɗannan darussan yana zama a takardunta na kwaleji har abada, ranar da za ta nemi makarantar likitanci sai an tambaye shi, don haka ba wurin wasa bane, in zangon ya yi mata nauyi gara darasi 1. Sannan ba kowane kiredit ne yake bin mutum ba, ofishin binciken gwamnatin tarayya GAO ya fitar da rahoto a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar wajen kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Jami'o'in gwamnati na jiharku galibi akwai yarjejeniya a rubuce tsakaninsu da kwalejin, Florida tun 1971 take da tata, amma manyan jami'o'i masu zaman kansu wasu ba sa ƙirgawa. Ku nemi mai ba ɗalibai shawara ya nuna muku jerin darussan da jami'ar da kuke hari take karɓa, a rubuce, kafin ta zaɓa.

Assalamu alaikum Anti. Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta 'yan gida a garin da muke, munada ɗaki babba a cibiyarmu da ba'a amfani dashi sai ƙarshen mako. Matanmu da yawa suna son ajin turanci amma kwalejin tayi nisa bas 2 ake hawa, wasu kuma mazajen basa so suna dawowa da dare. Wani yace wai kwaleji tana iya turo malami har wurinmu. Ta ina zamu fara, kuma nawa zamu biya?
Sakatare

Wa'alaikumussalam Malam Sakatare, wannan tambayar ta fi kowacce faranta min rai. Ƙwarai suna yi, azuzuwan manya da yawa ba a harabar kwaleji ake yin su ba, a laburare ne da coci da masallaci da makarantun firamare da wuraren aiki har da gidan yari. In kuɗin shirin daga gwamnati yake, yawanci ku ɗaki da mutane za ku kawo su kuma malami da littattafai.

Kar ku je ofishin ɗaukar ɗalibai, za su miƙa muku fom su sallame ku. Ku nemi daraktan karatun manya ko shugaban sashen ci gaba da karatu da horon ma'aikata, ku nemi a ba ku lokacin zama. Kuma kar ku je da baki kawai kuna cewa mutanenmu suna da yawa, ku je da takarda, mutum nawa ne, wa ya taɓa zuwa makaranta wa bai taɓa riƙe biro ba, don waɗannan aji biyu ne daban ba a haɗa su, wane lokaci suke so, yara ƙanana nawa za su biyo iyayensu. Dalilin da yasa takardar nan take da ƙarfi shi ne su ma ana tambayarsu lissafi, a tsarin rahoton tarayya ba a ƙirga mutum a matsayin ɗalibi sai ya yi awa 12 a aji, sannan ana gwada shi a farko a sake gwadawa daga baya a ga ko ya matsa, da wannan sakamakon ake sabunta musu kuɗi. Wanda ya zo musu da mutum 20 tabbatattu da ɗaki kyauta ya rage musu aiki ne.

Ku faɗi buƙatunku tun a zaman farko ba tare da jin nauyi ba, malama mace in ajin mata ne, kar a sa aji lokacin Juma'a, a sassauta lokaci da azumi, a samu wadda za ta riƙe yara a ɗaki na kusa ko da ku ne za ku biya ta daga asusun ƙungiya, wallahi wannan na ƙarshen shi yake raya aji ko ya kashe shi. Duk abin da aka amince a rubuta a takardar yarjejeniya, za su tambaye ku inshorar ginin da ƙofar fita in gobara ta tashi da ko mai keken guragu zai iya shiga, ku shirya amsa.

In kuka ga ana ta ja muku rai, kwalejin tana da hukumar amintattu, a jihohi da yawa zaɓensu ake yi a akwati kuma harajin gidajen gunduma yana cikin abin da yake riƙe da makarantar, mai haya ma yana biya ta cikin kuɗin hayarsa. Zamansu a buɗe yake ga jama'a, ana ba mutum minti 2 ko 3 ya yi magana, ku je ku 15 ku zauna a layin gaba mutum ɗaya ya tashi. Hostos ɗin da na ambata a sama ai haka aka same ta, 'yan Puerto Rico da sauran masu jin Sifaniyanci na kudancin Bronx ne suka matsa aka kafa ta a 1968, da birnin New York ya shiga matsalar kuɗi aka so rufe ta a 1976 suka fito zanga zanga har suka mamaye ginin, ga ta nan har yau.

Sai dai Malam Sakatare bari in faɗa maka tsakani da Allah, matsalar da nake hango muku daga cikin gida take. Ranar rajista za ka ga mata 60 an sha kwalliya, sati na 5 saura 9, wannan ta tafi suna waccan ta yi baƙi, kwaleji kuma in ta ga kujeru babu kowa zango ɗaya za ta janye malaminta, sake dawo da shi kuma sai an sha wuya. Gara ku fara da mutum 18 da suka yi alkawari a gaban jama'a, sauran a rubuta su a layin jira, ku naɗa mace ɗaya mai faɗa a ji wadda duk wadda ba ta zo ba za ta kira ta a daren ta ji dalili. Kuma ku zauna da mazajen tun kafin a fara, ajin safe bayan an kai yara makaranta, ƙarfe 9 zuwa 12, ya fi kowanne zama lafiya.